Girafin: Sinadarin da masana ke gwadawa don kwamfutocin gobe

Girafin shimfiɗa ce ta sinadarin kabon wadda kaurinta bai wuce na ƙwayar zarra ɗaya ba, kuma tsarinta tamkar saƙar zuma yake. Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester ne suka ɓare shi a 2004 daga irin sinadarin da ke bakin fensir, ta hanyar amfani da salatif. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2010.

Mece ce mahaɗar Josephson?

A 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarki na ratsa ta ba tare da turjiya ko asara ba. A 1962 kuma Brian Josephson, ɗalibi a Cambridge, ya yi hasashen cewa irin wannan lantarki zai iya tsallaka siririn shinge tsakanin ƙarafa biyu masu wannan hali. Wannan tsari ne ake kira mahaɗar Josephson.

Shimfiɗar girafin guda ɗaya ba ta da wannan hali, sai dai tana aronsa daga ƙarfen da aka jona mata, kamar yadda masana a Delft ta ƙasar Holan suka nuna a 2007.

Ina amfanin maikurowef?

Idan aka haska wa mahaɗar igiyoyin maikurowef, ƙarfin lantarkinta kan hau daki-daki kamar matakala, kuma saurin kaɗawar igiyoyin ne ke ƙayyade tsayin kowane mataki. Da wannan dabara cibiyar awo ta Birtaniya, NPL, da ke Teddington a Landan, take tabbatar da ma'aunin ƙarfin lantarki na ƙasar. Masananta sun kuma gwada girafin wajen auna turjiya.

Me ya sa ake damuwa da shi?

Kwamfutocin kwantum na Google da IBM sun dogara ne da mahaɗun Josephson na alminiyam. Fifikon girafin shi ne ana iya sauya halin mahaɗarsa ta hanyar ƙara ko rage ƙarfin lantarki. Matsalar ita ce bayanan da aka adana a cikinta kan gushe da wuri fiye da na alminiyam, kuma awon maikurowef na taimaka wa masana gano inda asarar take.