Yadda Aka Gano Abin Da Wutar Lantarki Ke Bi

Jama'a masu karatu, in ɗanku na lakkol a Madawa, ko Buza, ko Keita ya zo gida yana neman ƙusa da tsinke da guntun roba, ku ba shi. Mushe zai haɗa su da pil da ampul, yara su ga wanne wuta ke bi. Wannan darasi ya kusa shekara 300.

A 1729 wani Bature na Ingila, Stephen Gray, yana goge sandar gilas har ta riƙa jawo ƙananan abubuwa. Shi da abokinsa Wheler suka ɗaura mata dogon zare, suka rataye zaren da alharini, sai ƙarfin nan ya bi zaren fiye da mita 200. Rannan alharinin ya tsinke. Suka sa siririyar wayar tagulla a madadinsa, aiki ya tsaya cik. Da suna tsammani sirantaka ce dabarar. Ashe tagulla ce ta janye wutar ta zubar, alharini kuwa tare ta yake yi. Nan aka raba kaya gida biyu, masu wuce da wuta da masu tare ta.

To, ku saurara da kyau. A 1730 Gray ya rataye wani yaro da igiyoyi, ba ya taɓa ƙasa, ya kawo sandar kusa da ƙafarsa. Sai ga ɓarɓashin tagulla na tashi zuwa fuskar yaron. Wato jikin ɗan Adam ma hanyar wuta ne. Tasu wutar ba ta da ƙarfi, shi ya sa yaron ya sauka lafiya.

Tamu ba haka take ba. An kafa NIGELEC a 1968, daga baya aka ja manyan wayoyi daga Katsina, ta Gazawa da Maradi, har Malbaza, inda aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018. Ku ɗaga kai ku dubi fayafayan da ke riƙe da wayoyin nan, aikin alharinin Gray suke yi.

Abu guda ku ƙara wa yara, don pil ba zai nuna musu shi ba: busasshen icce na tare wuta, amma jiƙaƙƙe tana bin sa. Da damina, in waya ta faɗi a gona, kada makiyayi ya ɗaga ta da sanda. Ya kora dabbobinsa nesa, a sanar da ma'aikatan lantarki.