Ƙarfen Lafiya Lau, Robar Ce Ta Ɓace: Tsofaffin Na'urorin Nutso da Kayan Gyaransu

A shekarar 1998 kamfanin Mares na Italiya ya sayi Dacor, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin kayan nutso na Amurka, wanda Sam Davison ya kafa a jihar Illinois tun shekarun 1950. A wancan lokaci da wuya a shiga kwalekwalen masu nutso a Amurka ba a ga regiletar Dacor a wuyan wani ba. Ba a jima ba aka daina ƙera kayan gyaran tsofaffin samfuran. Masu shagunan gyara suka yi ta lallaɓa ɗan abin da ya rage musu a durowa har ya ƙare. Daga nan duk wanda ya kawo tasa sabis sai a ba shi haƙuri, a ce ya bar tsohuwar a yi masa rangwame a kan sabuwa. Na'urorin kuwa babu abin da ya same su. Tagullarsu ba ta cinye ba, zaren kusoshinsu bai mutu ba. Abin da ya kai su kwandon shara 'yar roba ce da ba ta cika kan ɗan yatsa ba, wadda aka wayi gari babu mai yin ta.

Har yau da wannan labari masu gyaran kayan nutso suke buga misali. In mutum ya zo musu da tsohuwar na'urar da ya gada ko ya tsinta a gwanjo, ba shekarunta suke fara tambaya ba. Tambayarsu ita ce: ana samun kayanta?

Mai nutso yana goye da tukunyar da aka danƙara wa iska har matsinta ya kai bar 200, wasu ma 300, wato ninki 200 ko fiye na iskar da ake shaƙa a doron ƙasa. Babu huhun da zai karɓi wannan kai tsaye. Aikin regileta ta sauko da matsin, irin yadda ta kan tukunyar gas ɗin girki take yi, sai dai ita hawa biyu take saukowa. Matakin farko, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunya, yana rage matsin zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da na ruwan da ke kewaye. Mataki na biyu, wanda ke bakin mai nutso, yana ba shi iska daidai da matsin ruwan, kuma sai ya ja numfashi yake buɗewa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara bar ɗaya, saboda haka dole na'urar ta riƙa bin zurfin da kanta, ba tare da an taɓa ta ba.

Asalin abin ma daga gas ya fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya a Faransa, wani injiniyan kamfanin Air Liquide mai suna Émile Gagnan ya ƙera wani bawul da zai riƙa ba injin mota gas gwargwadon buƙata. Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, ya ga abin da yake nema ke nan. A watan Janairun 1943 suka gwada shi a kogin Marne kusa da Faris, gwajin kuma bai yi daɗi ba. In Cousteau ya miƙe tsaye a ruwa sai iska ta yi ta kwarara ba tsayawa, in ya kifa kai ƙasa sai numfashi ya gagara. Suka gano dalili: ƙofar fitar da numfashi tana bakinsa, faifan robar da ke jin matsin ruwa kuwa yana can bayan wuyansa, kuma ɗan bambancin zurfin da ke tsakaninsu ya isa ya rikita komai. Sai suka ƙara tiyo na biyu da zai mai da numfashin baya, ya fita daf da faifan. Wannan shi ne mafarin na'ura mai tiyo biyu, wadda duniya ta sani a fim ɗin Cousteau da ya ci babbar kyautar Cannes a 1956.

A 1946 Air Liquide ya kafa La Spirotechnique don ƙera na'urar, kuma kafin shekarun 1950 su ƙare ya mallaki U.S. Divers, mai sayar da ita a Amurka. Can a Melbourne ta Ostireliya, Ted Eldred ya kauce wa rajistar mallakar Faransawa ta hanyar raba matakan biyu, ɗaya a tukunya ɗaya a baki, da tiyo guda a tsakani. Ya fara sayar da ita a 1952 da sunan Porpoise. A 1960 Air Liquide ya saye kamfaninsa, amma tsarin Eldred ne ya ci kasuwa. A 1973 U.S. Divers ya daina ƙera mai tiyo biyu.

Na'urorin wancan zamani da tagulla ake yin su, a lulluɓe da kurom. In dai ba a bar ruwan gishiri ya kwana a cikinsu ba, jikin zai fi mai shi daɗewa. Wanda ya tsaya kusa da teburin mai gyara zai ga cewa abin da ake canzawa a sabis bai cika tafin hannu ba: zobban roba 'yan kaɗan, matatar iska ta garin ƙarfe da aka narka ya haɗe, faifan roba a wasu samfuran, sai kuma uwa uba mazauni. Mazauni shi ne ɗan faifan roba mai tauri da kaifin bakin bututu ke dannawa don tsai da iska. Duk numfashi ɗaya, dannawa ɗaya. A hankali kaifin yana yi masa zobe, zoben ya yi zurfi, iska ta fara sulalewa.

Mai gyara ba da ido yake gane wannan ba. Yana ɗaura agogon awon matsi a matakin farko, ya buɗe tukunya, ya zuba wa allura ido. Lafiyayyar na'ura allurarta takan tashi ta tsaya cak a wajen bar 9 ko 10. In ta tsaya sannan ta ci gaba da rarrafe sama a hankali, to mazauni ya gaji, ko kuma bakin bututun ya sami tabo. Daga nan sai kwancewa. Matatar ce ke fara ba da labarin mai na'urar: in ta yi kore, ruwan teku ya shiga, in ta yi ja, tukunyar ƙarfe ce take tsatsa daga ciki, in ta yi baƙi, injin cika iska ne ba shi da tsabta. Ana jiƙa ƙarafan a ruwan khal da aka tsinka, amma na ɗan lokaci kawai, domin in aka manta da su kurom ɗin zai tafi tare da dattin. Ana cire zobban da tsinken roba ko na tagulla, ba na baƙin ƙarfe ba, don ƙarzane ɗaya a bangon da fistan ke zamewa ya isa ya kashe matakin farko gaba ɗaya.

Zobba ba su cika zama matsala ba, tunda yawancinsu girman da masana'antu suka saba da shi ne, ana samunsu a kasuwa in an san lamba da taurin da ake so. Mazauni da faifai su ne kowane kamfani yake yi da siffarsa. A nan ne ake rabuwa.

Na'urorin da suka tsira su ne waɗanda masu ƙera su ba su yi ta sauya kayan ciki ba. Babban misali shi ne Conshelf ta U.S. Divers, wadda ta ci sunan gidajen ƙarƙashin teku da Cousteau ya gina. Na biyunsu a Sha'ab Rumi aka kafa shi a 1963, cikin Bahar Maliya a gaɓar Sudan, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Samfurin Conshelf XIV ya yi shekaru masu yawa a hannun sojojin ruwan Amurka. Sirrinta kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne: tsarin cikin matakinta na farko kusan ɗaya ne da na Royal Aqua-Master mai tiyo biyu da ta fito a shekarun 1960, kuma shi aka ci gaba da sakawa a samfurin Titan bayan shekaru da dama. Mazaunin da aka ƙera don sabuwa sai ya zauna daram a cikin tsohuwa.

Haka abin yake a Scubapro, kamfanin da Gustav Dalla Valle da Dick Bonin suka kafa a 1963. Matakinsu na biyu na ƙarfe da aka fi sani da 109 ya fito a 1969, kuma da G250 ta zo a 1986 sai aka tarar kayan cikinta suna shiga tsohon gidan. Shi ya sa har gobe ake farautar 109 a kasuwar gwanjo, a zuba mata sababbin kayan ciki, ta yi numfashin da ba ta jin kunyar na zamani. Masu ita suna ƙara da cewa gidan ƙarfe yana tara danshin numfashi, maƙogwaro ba ya bushewa kamar a na roba. MK2 tasu mai fistan, wadda abu ɗaya tak ke motsi a cikinta, ana ƙera jikokinta har yanzu, kuma ita ce abin son masu ba da hayar kaya saboda ba ta da laulayi. Poseidon na Suwidin, da ya fara a 1958, ya riƙe tsarin Cyklon na tsawon zamani. Apeks na garin Blackburn a Ingila ma ƙunshin kayan sabis ɗaya yana yi wa samfuransa da yawa aiki.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan wanda ke riƙe da kamfani. Aqua Lung, magajin La Spirotechnique da U.S. Divers, ya sayi Apeks a 1997. A 2016 Air Liquide ya sayar da Aqua Lung ga kamfanin zuba jari na Montagu, bayan shekara 70 yana hannunsa, sannan a 2025 ya koma hannun Head, uwar gidan Mares. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, masu gyara sukan ƙara yawan kayan da suke ajiyewa.

Akwai kuma tsohuwar taƙaddama a kan wa ya cancanci a sayar wa kayan. Manyan kamfanoni, musamman a Amurka, dilolinsu kawai suke ba, su ma sai ma'aikacinsu ya halarci horon kamfanin. Hujjarsu ita ce wannan na'urar rai ce, kuskure kaɗan sai gawa, kuma kotu su za ta nema. Wasu suka haɗa da alkawarin kayan gyara kyauta muddin rai, da sharaɗin cewa mai sayen farko ne, kuma bai taɓa tsallake lokacin sabis ba. Hujjar tana da nauyi, domin akwai masu kwance na'ura da filaya su mayar da faifai a juye. Amma hana kaya bai taɓa hana mutum nutso da tsohuwar na'urarsa ba. Abin da yake haifarwa shi ne a shiga ruwa da wadda ta yi shekaru ba a buɗe ta ba, ko a juya tsohon mazauni a sake amfani da bayansa, ko a cusa zoben da bai dace ba. Wanda ke zaune a ƙasar da babu dila ko ɗaya shi ya fi kowa shan wannan wahala. A 1999 Vance Harlow ya fitar da littafi a kan gyaran regileta, ya buɗe wa talakan mai nutso abin da a da sai a ɗakin horon kamfani ake jin sa. Daga baya ƙananan kamfanoni irin su HOG da Deep 6 suka zo da tsarin koya wa mai kaya gyaran kayansa su kuma sayar masa da abin da yake buƙata. Wannan hanya ta fi kusa da gaskiyar yadda mutane suke.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci komawa ruwa ba, kuma mai gyara na ƙwarai yakan faɗi haka ko da ran mai kaya zai ɓaci. Maƙalin da ke riƙe na'urorin farko a bakin tukunya siriri ne, an yi shi don tukwanen da matsinsu bai wuce wajen bar 150 ba; ɗaura shi a tukunyar zamani ganganci ne. A wasu tsofaffin samfuran, ƙofar babban matsi da ta ƙaramin matsi zarensu iri ɗaya ne, mutum na iya ɗaura tiyon ƙaramin matsi a inda zai fashe, abin da ya sa daga baya aka bambanta girmansu. Ƙa'idar Turai ta EN 250, mai gwada sauƙin numfashi a zurfin mita 50 da kuma juriyar ruwan sanyi, ta zo ne bayan an ƙera yawancinsu. Wanda kuma zai yi amfani da iska mai yawan oksijin dole a wanke masa na'ura wanki na musamman, a sauya giris da zobba, domin maiƙo da oksijin a ƙarƙashin matsi wuta suke haifarwa.

Abin mamaki, na'urar da aka fi zaton ta mutu ita ce ta fi samun masu raya ta. Masu tiyo biyu sun yi shekaru a rataye a bangon shaguna don ado, tiyonsu ya tsattsage, bawul ɗin fitar da numfashi mai siffar bakin agwagwa ya narke ya manne da gwangwanin. A 2005 Aqua Lung ya gwada dawo da Mistral a sabuwar siffa, ba ta karɓu ba, aka janye ta. Masu sha'awa ne suka yi abin da kamfanin bai yi ba. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Vintage Double Hose, ya sa aka zuba sababbin tiyo da faifai da bawuloli da robar silikon, wadda ba ta bushewa da wuri kamar ta dā. Suka fito da wani kai mai suna Phoenix da ake ɗaura wa tsohuwar Aqua-Master, ya ba ta ƙofofin agogon matsi da na tiyon rigar iska da na bakin ko-ta-kwana, waɗanda babu mai shiga ruwa yau ba tare da su ba. Wajen 2014 suka ƙera sabuwa fil mai tiyo biyu, Argonaut Kraken.

Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa na cikin waɗanda suka fi neman su, tunda kumfar numfashi ta bayan kai take fita, ba ta tare ido, ba ta kuma cika korar kifi ba. Da masu zanen Phoenix suka zo zaɓen kayan cikinsa kuwa, ba su ƙirƙiro mazauni nasu ba. Na Conshelf da Titan suka ɗauka, wanda ake samu a kusan duk shagon da ke gyaran Aqua Lung.