Ciwon Saifa: Yadda Ake Gane Shi a Jikin Dabba da Mutum

Ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks, ya fi kama shanu, tumaki da awaki. Ƙwayarsa tana iya yin shekaru da dama a cikin ƙasa, dabba ta ɗauke ta wajen kiwo. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja, Jihar Neja, bayan gwajin da aka yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Tunda dabbobi suna shigo mana ta kasuwanni irin su karar Wudil, ya kamata makiyayan Gafasa da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya su san alamunsa.

Babbar alama ita ce mutuwar fuju'a. Saniya ta kwana lafiya, da safe a tarar da ita a mace. Baƙin jini wanda ba ya daskarewa yakan fito ta hanci, baki ko dubura, cikin ya kumbura da wuri, gawar kuma ba ta sandarewa sosai. Kada a rikita shi da harbin daji, wanda yakan zo da ɗingishi da kumburin cinya mai ƙaras-ƙaras idan an latsa.

A nan ne ake yin kuskure mafi muni: a yi saurin yanka dabbar don kada a yi asara, ko a feɗe ta don a duba saifar. Buɗe gawa shi ke baza ƙwayar a gona. A bar ta yadda take, a hana karnuka zuwa, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ɗigon jini kaɗan daga kunne ya ishe shi gwaji. Bayan haka a ƙone gawar ko a binne ta a rami mai zurfi.

A jikin mutum, mahauta da majema da masu fiɗa suka fi shiga haɗari. Yakan fara da ƙurji mai ƙaiƙayi a hannu, wuya ko fuska, ya yi ruwa, sannan tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, gefensa ya kumbura. Yawanci ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Wanda ya ci naman kuwa, sai amai da ciwon ciki, har da gudawa da jini. A je asibiti ranar nan, a gaya wa likita an taɓa mushe ko an ci naman dabba marar lafiya, domin magani yana aiki idan an fara da wuri.

Allurar rigakafin dabbobi sau ɗaya ake yi a shekara. Ƙungiya za ta iya tara garkunan 'ya'yanta a yi musu rana guda.