Dibaga abin karatu ce, ba ta gyara kaɗai ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yaran da ke shigowa sana'ar rubuta manhaja shi ne, da sun sauko da manhaja daga GitHub sai su kwashe kod ɗin su liƙa wa ChatGPT ya yi musu bayani. Ga dibaga a cikin VS Code, kyauta, amma ba sa waiwayarta sai wani abu ya fashe. Mu kuwa da ita muka koyi karanta aikin wasu.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, da sabar Apache 1.3 ya fara ni. Sabar tana rarrabuwa gida-gida, kowane ɓangare na jiran buƙata, don haka in ka bi ta da dibagar GDB kai tsaye ba za ka san wanda ya karɓi aikin ba. Sai ka harhaɗa ta da -g, ka tashe ta da -X ta tsaya guda ɗaya, ka sa birki a ap_process_request, sannan ka nemi shafi a burauza. Shafin ya tsaya cak. Ka buga bt, jerin wanda ya kira wane ya fito tun daga main.

A nan dokarsa take, kuma ita ce ta ɓace yau. Da biro za ka kwafe jerin nan a littafi. Sannan kafin ka buga print, sai ka faɗi da bakinka abin da kake zato. "To, malam, me ke cikin r->filename?" In ka ce sunan fayil, sai ya ce duba: babu komai, don ba a kai ga fassara r->uri ba tukuna. Da haka matakan Apache suka zauna mini. Littafin ma yana da wani amfani a lokacin, domin in NEPA ta ɗauke wuta, shi ke rage maka.

Mun sha musu kan Linus Torvalds, wanda a 2000 ya fito fili ya ce ba ya son dibaga a cikin kanel ɗin Linux, don tana sa mutane toshe alamar matsala ba tare da sun fahimci tushenta ba. Sai a 2008 dibagar KGDB ta shiga kanel ɗin, a sigar 2.6.26. Maigida yakan ce Linus ya yi gaskiya game da malalata, amma wanda ya gina gida ba ya buƙatar ɗan jagora, baƙo ne ke buƙata.

Ba na hassadar sauƙin yau. Ka gyara launch.json, ka danna F5, komai ya baje a gefe, kuma in C kake bi a Linux, galibi GDB ɗin da Richard Stallman ya fara a 1986 ce ke aiki a ƙarƙashi. Damuwata ita ce allon yana ba da amsa tun ba a yi tambaya ba. Don Allah, 'yan baya, ku rubuta zatonku a takarda kafin ku danna F10.