Waya a hannunka, makulli a hannun wani

A Zabarmari, garin shinkafa da ke ƙaramar hukumar Jere kusa da Maiduguri, da wuya matashin da ke son koyon rubuta manhaja ya mallaki kwamfuta. Ko ya samu, ina wuta? A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu. Wayarsa ce makarantarsa, ita ce kuma maƙerarsa.

Sai dai makullin wayar ba a hannunsa yake ba. Kulle wayoyi ya samo asali tun zamanin Nokia. A 2004 wata ƙwayar cuta mai suna Cabir ta ɓulla, tana tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba a jima ba Symbian, tsarin da ke tafiyar da wayoyin Nokia, ta rufe ƙofa: a wayoyin 2006 irin su N73, manhaja ba ta shiga sai da satifiket. Wanda ya riƙe N73 ko N95 bai manta da saƙon ƙin karɓa ba. Masu gyaran waya suka koyi mayar da kwanan wata baya don satifiket ɗin da ya ƙare ya yi aiki, masu ƙarfin hali kuwa suka fasa kullen wayar da manhajar HelloOX.

Apple ta buɗe App Store a 2008, da kuɗin rajista dala 99 duk shekara. Wannan ba cinikin ɗan manomi ba ne.

Android ce ta buɗe mana ƙofa. Da Tecno ko itel, yaro zai haɗa manhajarsa ya tura wa abokinsa ta Xender ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya kuma koyi yaren Python a cikin manhajar Termux. Amma Android 10 ta 2019 ta taƙaita yadda manhaja ke tayar da abin da ta sauko da shi, har Termux ta daina sabuntawa a Play Store a 2020.

A Agustan 2025 Google, mai Android, ta sanar cewa sai an tantance mai manhaja, ko da a wajen Play Store yake rabawa: Brazil, Indonesiya, Singapo da Tailan daga Satumban 2026, sauran duniya daga 2027. Hujjarta 'yan damfara, kuma ba ƙarya ta yi ba, suna wawashe asusun mutane. Abin da ke damuna shi ne yaron da bai kai ga katin shaida ba. Google ta yi wa ɗalibai alkawarin rajista ta daban, amma da iyakar wayoyin da manhajarsu za ta shiga.