Kalmar "Talaka" da 'Yan'uwanta a Tarihin Hausa

Gabatarwa

Mu ɗaliban Hausa mun fi ba da ƙarfi ga nazarin kirarin sarakuna da waƙoƙin fada, watau kalmomin da ake kambama abu da su. Ba safai mukan waiwayi kalmomin da Bahaushe ke siffanta abin da bai taka kara ya karya ba. A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin nuna cewa su ma suna da tarihi, musamman ɗaya daga cikinsu.

Ire-iren Kalmomin

In abu ya yawaita har ya daina ba da sha'awa, sai a ce gama-gari ne, wato ya game gari, ko'ina ka duba ga shi. Miyar da ba ta ji gishiri ba lami ce, ko a ce ta yi salam, kuma akan ari wannan a siffanta zance ko wasan da ba shi da armashi. Aikin da ya tsaya tsaka-tsaki kuwa, ba yabo ba fallasa. Idan aka zo kan mutane, sai mu ji yaku-bayi, sannan uwa uba, talaka.

Asalin "Talaka"

Masana harshe sun danganta kalmar da harshen Abzinawa, inda ake da mai kama da ita da ke nufin matalauci. Maarten Kossmann ya yi littafi a 2005 kan kalmomin da Hausa ta aro daga wannan dangin harsuna. Ba abin mamaki ba ne, domin ayarin gishiri ya daɗe yana haɗa Abzin da Katsina da Kano. Haka kuma akwai irinta a bakin Barebari da Zabarmawa, Yarbawa ma suna cewa talaka.

A ƙasar Hausa kalmar ta sami ma'ana ta biyu. A tsarin sarauta, duk ɗa wanda ba ya riƙe da sarauta, kuma bai fito daga gidanta ba, talaka ne. Attajiri mai raƙuma ɗari, in ya zo fada, zai tuɓe takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa, don shi ma talakan sarki ne. Ke nan matsayi ake nufi, ba abin hannu kaɗai ba. Talaka shi ne mai biyan haraji, mai noman gandu, wanda ba a kiransa shawara. Wanda ya karanta Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, zai ga sarakuna a jere tun daga Bagauda, kowa da sunansa da shekarun mulkinsa. Manoman da suka ciyar da su da maginan da suka ɗaga ganuwa kuwa, sai dai a ambace su a dunƙule.

Juyin 1950

Ranar 8 ga Agusta 1950 waɗansu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Takardar manufofinta, wadda aka sani da sunan Sawaba, ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Abin lura shi ne, ko da yake da Turanci aka rubuta ta, ba a fassara kalmar talakawa ba, an bar ta yadda take. Daga nan sunan da mutum kan amsa da sunkuyar da kai ya zama abin bugun ƙirji. Tela da mahauci da ɗan koli suka sha ɗauri da bulala a kansa. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna a jihohin Kano da Kaduna da wannan kira.

Malam Aminu ya rasu a 1983, amma kalmar ba ta bar dandalin siyasa ba. Sai dai a ganina ta sake sauya kama. Yanzu in an ce talaka, marar kuɗi kawai ake nufi, an manta da batun wanda ba a jin muryarsa. Kowane ɗan takara, ko wace jam'iyya yake, cewa yake don talaka ya fito. Yawan faɗi ya sa kalmar kanta ta zama gama-gari, tana neman yin lami.

Kammalawa

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana mana dubban kalmomi, amma harshe bai tsaya a 1934 ba. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu, mu zauna da kakanninmu mu tambaye su yadda suke kiran tufa marar tsada, da abinci marar daɗi, da mutumin da ba kowa ba, mu rubuta da sunan garin da aka ji. Sarakuna suna da maroƙa masu tsare musu tarihi. Na talaka kuwa, mafi yawansa a cikin irin waɗannan kalmomi yake, kuma duk tsohon da ya kwanta dama yakan tafi da nasa kason.