Daga Makulli zuwa Reshe: Tarihin Tsare Sauye-sauyen Manhaja

Manhajar kwamfuta rubutu ce da ba a gama rubutawa. Yau a ƙara layi, gobe a goge wani, kuma sau da yawa mutane da dama ke wannan aiki a lokaci guda. Idan gyaran jiya ya ɓata abin da ke tafiya lafiya, yaya za a koma baya? Idan mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya, gyaran wa za a ɗauka? Don warware wannan aka ƙirƙiri tsarin bibiyar sauyi: ma'ajiya da ke riƙe kowane gyara tare da sunan mai shi, da lokacin da ya yi shi, da dalilinsa. Tarihin wannan tsari kuwa, idan aka duba da kyau, jayayya ce kan abu guda: a hannun wa ainihin kundin zai zauna?

A shekarar 1972 Marc Rochkind ya samar da SCCS a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, sannan a 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS. Dukansu biyu da makulli suke aiki. Mai son gyara fayil sai ya kulle shi, sauran su jira har ya buɗe. Wannan ya hana karo, amma in mai makulli ya tafi hutu bai buɗe ba, sai aikin kowa ya tsaya.

Dick Grune, malami a wata jami'a ta Amsterdam, shi ya kauce wa makullin. Yana aiki da ɗalibansa biyu da lokutan aikinsu ba su zo ɗaya ba, sai ya rubuta CVS, ya sake shi ga jama'a a 1986. Kowa ya ɗauki kwafi ya yi gyaransa, daga baya a haɗa. Subversion, wanda aka fara a 2000, ya gyara kurakuran CVS da yawa bisa wannan turba. Sai dai har a lokacin kundin tarihi ɗaya ne, a kan kwamfuta ɗaya ta tsakiya. Wanda ba a ba izinin rubutu a cikinta ba, ɗan kallo ne.

Babban sauyi ya zo ne ta hanyar rigima. Tun daga 1991, masu gina Linux suna aiko wa Linus Torvalds gyare-gyarensu ta imel, yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai faci. Da kaya suka yi masa yawa, a 2002 ya koma amfani da BitKeeper, mallakar kamfanin Larry McVoy. Kyauta aka ba su, amma da sharaɗin kada mai amfani da shi ya gina kishiyarsa. Masu rajin ƴancin manhaja, irin su Richard Stallman, sun soki wannan zaɓi tun farko, kuma lokaci ya gaskata su. A 2005 Andrew Tridgell ya shiga binciken yadda BitKeeper ke musayar bayanai, kamfanin ya ce an saɓa sharaɗi, ya janye kyautar. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Torvalds ya fara rubuta Git a farkon watan Afrilu na 2005. Cikin ƴan kwanaki Git ya soma riƙe tarihin kansa, a watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da shi, a watan Yuli kuma Torvalds ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano.

A Git kowane mai aiki yana da cikakken kundin tarihi a kwamfutarsa, tun daga gyara na farko. Yana iya yin ajiya, ya duba tsohon aiki, ya koma baya, duk ba tare da intanet ba. Sai ya so musaya da wasu yake buƙatar layi. Kowace ajiya tana da shaida mai haruffa da lambobi 40, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinta da kuma shaidar ajiyar da ta gabace ta. Wanda ya san isnadi a ilimin hadisi zai gane hikimar nan da nan: kowace gaɓa tana ambaton wadda ta karɓa daga gare ta. In wani ya taɓa harafi ɗaya a tsohuwar ajiya, shaidar duk waɗanda suka biyo bayanta za ta sauya, asiri ya tonu. Shi kuwa reshe alama ce kawai da ke nuna wata ajiya, shi ya sa buɗe shi ba ya cin komai. Mutum ya gwada dabararsa a reshe. In ta yi kyau a haɗe ta da babban layi, in ba ta yi ba a jefar. Inda mutum biyu suka sauya layi ɗaya, Git ba ya yanke hukunci, sai ya nuna gyare-gyaren biyu ya bar wa mutum zaɓi. A ganina nan ne ya fi nuna hankali.

Abin mamaki, bayan an rarraba kundin ga kowa, sai jama'a suka sake taruwa wuri ɗaya. An buɗe GitHub a 2008, ya zama dandalin ajiye ma'ajiyoyi da tattaunawa a kansu, har Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. A 2019, saboda takunkumin Amurka, GitHub ya taƙaita wa masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya wasu hidimomi, ciki har da ma'ajiyoyin da ba na jama'a ba. Wanda ke da kwafi a kwamfutarsa bai rasa tarihin aikinsa ba, amma rahotannin matsaloli da tattaunawar da aka yi a dandalin ba sa cikin kwafin Git. Sai a watan Janairu na 2021 kamfanin ya sanar da samun lasisin maido wa masu aiki a Iran cikakkiyar hidima.